Dan Kaminsky da Nauyin Abin da Ido Ya Gani

Wata ranar Laraba bayan la'asar, ina tattara takardun jarrabawa zan bar ofis, sai wani ɗalibina na shekara ta uku ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa. Na san shi da yawan tambaya a aji, amma ran nan muryarsa ƙasa-ƙasa take. Ya ce, "Malam, akwai abin da na gani, kuma ban san wanda zan faɗa wa ba."

Mahaifiyarsa ce ta yi gwajin jini a wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa, aka turo mata adireshin shafin da za ta duba sakamako ta waya. Da yake ba ta yi boko ba, shi ya buɗe mata. Sai ya lura adireshin ya ƙare da wata lamba. Ƙaiƙayin hannu irin na ɗalibin kwamfuta ya sa ya rage ɗaya daga lambar, sai ga sakamakon wata mata daban ya bayyana, da sunanta, da lambar wayarta, da abin da aka samu a jininta. Ya sake gwadawa sau biyu, ya ga haka abin yake, ya rufe wayar. Kwana huɗu ke nan yana yawo da maganar a cikinsa. Abokin ɗakinsa ya ba shi shawara ya ɗauki hoto ya sa a Facebook don masu wurin su ji kunya, shi kuma ya yi suna.

Na ce ya shigo ya zauna. Maimakon in ba shi amsa kai tsaye, sai na tsinci kaina ina ba shi labarin Dan Kaminsky. Ɗaliban darasin hanyoyin sadarwar kwamfuta sun daɗe suna roƙona in rubuta masu bayanin tsarin sunayen intanet da Hausa, to ga shi, amma ba zan iya raba bayanin da labarin mutumin ba.

Da farko, sunan. Duk shekara sai an sami ɗalibin da zai karanta shi "Ɗan Kaminsky", wato kamar Kaminsky ne uban. "Dan" ɗin nan gajarta Daniel ne kawai. An haife shi a San Faransisko ta ƙasar Amurka ranar 7 ga Fabrairu, 1979, saboda haka sa'ana ne, ko kusa da haka. Yana ɗan shekara huɗu mahaifinsa ya saya masa kwamfuta, ya koya wa kansa rubuta manhaja. Mahaifiyarsa ta ba da labarin cewa yana ɗan shekara goma sha ɗaya wani jami'in tsaro ya bugo mata waya cewa ɗanta ya kutsa cikin kwamfutocin soja, kuma za a yanke wa gidan intanet. Ta ce masa in suka yi haka, za ta sayi fili a jarida ta sanar da duniya cewa yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ya keta tsaronsu. Aka daidaita a kan horon kwana uku ba intanet. Ya yi karatu a Jami'ar Santa Clara, ya yi aiki a kamfanonin Cisco da Avaya, daga baya ya koma IOActive, inda aikinsa shi ne jagorantar masu gwada kutsawa cikin kwamfutocin kamfanoni da izinin masu su, don a gano ɓaraka kafin ɓarawo ya gano ta.

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Idan ka rubuta sunan shafin bankinka, dole wani ya juya sunan ya zama adireshi na lambobi kafin saƙonka ya san inda zai nufa. A farkon intanet, fayil guda ne ke ɗauke da sunayen dukkan kwamfutoci, ana kula da shi a wata cibiyar bincike a Kalifoniya, kowa ya riƙa kwafa. Da kwamfutoci suka yi yawa, Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983. Tsari ne mai hawa-hawa kamar sarauta: akwai tushe a sama, ƙarƙashinsa akwai masu riƙe da ƙarshen sunaye irin su .com, ko .ne na Nijar, ko .ng na Najeriya, ƙarƙashinsu kuma kowane mai suna yana da uwar garken da ke amsa tambaya a kan sunansa.

Wayarka ba ta bin waɗannan hawa da kanta. Tana tambayar wata kwamfuta ta kamfanin da ke sayar maka da intanet, ita ce mai nemo amsa. A aji nakan kwatanta ta da mai shagon bakin tasha wanda baƙi ke tambaya, "Ina ne gidan wane?" In ya sani, sai ya faɗa. In bai sani ba, sai ya aika tambaya a rubuce da wata lamba a jikinta, kuma duk takardar da ta fara dawowa ɗauke da wannan lamba, ita zai yarda da ita. Sai ya rubuta amsar a littafinsa, ya riƙa ba duk mai tambaya har zuwa wani wa'adi. Bai san rubutun hannun kowa ba, ba ya duba hatimi. Lambar nan ita ce kaɗai shaidarsa, kuma ba ta wuce kala 65,536 ba.

Masana sun daɗe da sanin cewa wannan shaida ba ta da ƙarfi. Maƙaryaci na iya yi wa mai shagon ruwan takardun ƙarya, kowace da lamba daban, da fatan ɗaya ta dace kafin amsar gaskiya ta iso. Abin da ya kwantar wa mutane hankali shi ne wa'adin nan. In amsar gaskiya ta riga isowa, ta shiga littafi ke nan, mai shago ba zai sake aika tambaya ba sai bayan sa'o'i, wani lokaci yini guda. Damar maƙaryaci ɗaya ce cikin dubu sittin da biyar, sannan ya jira gobe. Wa zai ɓata rayuwarsa a kan irin wannan caca?

A farkon 2008 Kaminsky ya gano cewa jiran nan ba dole ba ne. Maimakon a tambayi mai shago gidan da kowa ya sani, sai a tambaye shi ɗakin da babu shi a cikin gidan: ɗaki na ɗaya, ɗaki na biyu, ɗaki na dubu. Tun da babu ko ɗaya a littafinsa, kowace tambaya sai ya aika sabuwar takarda, kowace takarda kuma sabon tsere ce tsakanin gaskiya da ƙarya. Ana iya yin tseren nan sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. Rabi na biyu na dabarar ya fi muni. Takardar ƙaryar da ta ci tsere ba ta tsayawa a kan ɗakin da aka tambaya. Cewa take, "Ban san wannan ɗaki ba, amma duk abin da ya shafi gidan nan, ga wanda za ka riƙa tambaya." Sai ta ba da adireshin maƙaryacin. Daga nan gidan gaba ɗaya ya koma hannunsa. Abin da ake zaton zai ɗauki shekaru ya koma aikin daƙiƙoƙi.

Ku auna abin da wannan ke nufi. Mutum ya rubuta sunan bankinsa daidai, bai danna wani baƙon saƙo ba, bai yi kuskuren komai ba, amma a kai shi shafin ɓarawo. Wasiƙun imel ma da DNS suke gane hanya, don haka ana iya karkatar da su. Kaminsky ya nuna cewa maɓallin nan na "na manta kalmar sirri" da ke kusan kowane shafi ya zama mabuɗin kowace ƙofa, domin sabuwar kalmar ta imel ake turo ta. Kuma ɓarakar tana cikin tsarin ne kansa, shi ya sa ta shafi manhajojin kusan duk manyan kamfanoni lokaci guda.

Nan ne wurin da na fi jan ɗalibin nawa. Saurayi ɗan shekara ashirin da tara yana riƙe da abin da masu laifi za su biya kuɗi masu yawa a kansa, hukumomin leƙen asiri ma haka. In suna yake so, rubutu ɗaya a shafinsa ya isa. Abin da ya yi shi ne ya nemi Paul Vixie, wanda ƙungiyarsa ke kula da BIND, manhajar DNS da aka fi amfani da ita a duniya. Da Vixie ya fahimci maganar, ya gargaɗe shi kada ya sake furta ta a wayar salula. Ranar 31 ga Maris, 2008, mutum goma sha shida suka taru a asirce a harabar Microsoft da ke Redmond, wasu daga Turai, wasu daga kamfanonin da ke gasa da juna a kasuwa. Suka amince kowa ya je ya gyara tasa manhajar, amma a saki gyaran rana ɗaya, domin in wani ya riga, masu kutse za su kwance facinsa su gane ramin da ya toshe, su far wa sauran.

Ranar Talata 8 ga Yuli aka saki facin: Microsoft, Cisco, Sun, masu BIND da sauransu. Gyaran shi ne a ƙara shaida ta biyu. Ban da lambar takarda, mai shago zai riƙa sauya tagar da yake karɓar amsa ta cikinta, a zaɓe ta da ka, ba bisa wani jeri ba. Maƙaryaci sai ya dace da lamba kuma ya dace da taga, sai damarsa ta faɗo daga ɗaya cikin dubbai zuwa ɗaya cikin ɗaruruwan miliyoyi ko fiye. Kyawun facin shi ne duba shi ba ya saurin tona asirin harin. Kaminsky ya fito ya ce wa duniya a yi faci yanzu, bayani sai bayan wata guda, kuma ya roƙi abokan sana'arsa kada su yi hasashe a bainar jama'a.

A wannan wata ina ɗalibin babban digiri, ina ɗan taɓa aikin kula da kwamfutocin wani ofis don samun na cefane. Akwai uwar garke guda a ƙarƙashin tebur mai ɗauke da BIND, ni ne mai ita a aikace. Na ga sanarwar, na karanta, na ce a raina surutun Turawa ne, wa zai bar bankunan Amurka ya zo kan kwamfuta ashirin da ke aiki in an kawo wuta? Kuma sauke gyara a layinmu na wancan zamani aikin dare guda ne. Na bar shi sai da na ga labari cewa asirin ya tonu, sannan na kwana a ofis ina yi, gabana na faɗuwa. Ba abin da ya same mu. Amma wata gudan da wani ya sayo mani da iya bakinsa, na kashe rabinsa a banza, kuma har yau in na tuna nakan ji kunya.

Asirin bai kai wata gudan ba. Masana tsaro mutane ne da ba sa son a ce masu "ku yarda da ni", kuma suna da hujja, domin sana'ar cike take da masu kururuwa don talla. Da yawa sun zargi Kaminsky da neman suna gabanin babban taron Black Hat. Thomas Ptacek na kamfanin Matasano yana cikin masu shakka, har sai da Kaminsky ya yi masa bayani a keɓe, ya fito ya ce maganar gaskiya ce. Ranar 21 ga Yuli wani masani Bajamushe da aka fi sani da Halvar Flake ya rubuta hasashensa, ya kuwa kusan dacewa. A ranar ce wani cikakken bayani da Matasano suka tanada ya fita a shafinsu bisa kuskure. Sun cire shi, sun ba da haƙuri, amma an riga an kwafa. Cikin ƴan kwanaki manhajar kai harin ta shiga hannun kowa, kuma kafin watan ya ƙare an gurɓata wata uwar garke ta kamfanin AT&T a birnin Austin, tana kai masu neman Google wani shafi daban. Kwana goma sha uku ke nan aka samu maimakon talatin.

Na daɗe ina juya wannan saɓani, kuma ban ga Flake a matsayin mugu ba. Hujjarsa ita ce abin da shi ya iya ganowa, masu mugun nufi ma za su iya, kuma su ba za su sanar ba. Wannan gaskiya ne. Sai dai ni ina cikin mutanen da kwanakin nan suka yi wa rana, don haka hukuncina ya karkata. Mai kula da uwar garke a ƙaramin ofis ba ya cikin zauren manyan masana, ba ya jin raɗe-raɗinsu. Abin da yake buƙata lokaci ne, da kuma wani ya yi ihu har ya farka.

Ranar 6 ga Agusta Kaminsky ya yi cikakken bayani a Las Vegas, zauren ya cika har mutane na zaune a ƙasa, kakarsa kuma tana wurin da biskit ɗin da ta gasa, kamar yadda ta saba kawowa in zai yi jawabi. A makon nan abokan sana'arsa suka ba shi lambar barkwanci ta ɓarakar da aka fi zuzutawa a shekarar, ya je ya karɓa.

Akwai abin da adalci ya sa in faɗa wa ɗalibai. Maganin da aka yi amfani da shi ba Kaminsky ya ƙirƙiro shi ba. Daniel Bernstein, masanin lissafi, ya sa sauya taga a cikin tasa manhajar ta DNS shekaru da dama kafin nan, ya kuma yi ta gargaɗi, ba a saurare shi sosai ba. Kaminsky da kansa ya yaba masa a kan haka. Facin ma bai kashe cutar ba. A watan Agustan nan wani masanin kimiyya ɗan Rasha, Evgeniy Polyakov, ya nuna cewa da layi mai sauri ƙwarai ana iya gurɓata uwar garken da aka yi wa faci cikin kamar sa'a goma. To mene ne nasa? A ganina abu biyu ne: ya mai da rauni da aka sani a takarda ya zama wuƙa da kowa ya ga kaifinta, sannan ya yi aikin da masu basira ke rainawa, wato bugun waya, lallashi, tara abokan gaba a ɗaki guda, da haɗiye magana wata da watanni.

Maganin dindindin shi ne a ba mai shago hanyar duba hatimi, wato kowace amsa ta zo da sa hannu na lissafi da ba a iya kwaikwaya. Wannan shi ne DNSSEC, wanda aka daɗe da tsarawa ana jan ƙafa a kansa. Tsoron 2008 ya ingiza shi, har aka sa wa tushen DNS hannu a watan Yulin 2010. Hukumar ICANN ta zaɓi mutum bakwai daga sassan duniya ta ba kowa kati mai ɗauke da kason mabuɗin da za a buɗe ajiyar babban mabuɗin da shi in bala'i ya faɗa wa wuraren da yake, kuma sai biyar sun haɗu abin ke yiwuwa. Kaminsky na cikinsu, haka ma Moussa Guebre daga maƙwabciyarmu Burkina Faso. Jaridu sun riƙa cewa su ne masu iya kunna intanet in ta mutu. Wannan ƙari ne, aikinsu bai kai haka ba.

Sauran ayyukansa zan ratsa su da sauri. A 2005, bayan Mark Russinovich ya tona cewa fayafayan waƙa na Sony BMG suna dasa ɓoyayyar manhaja a kwamfutocin masu saye, Kaminsky ya bi littattafan masu shagunan nan na duniya yana duba wa aka taɓa tambaya adireshin da manhajar ke nema, ya sami alamarta a sama da 568,000. A ƙarshen Maris 2009, tare da Tillmann Werner da Felix Leder na Jamus, ya taimaka aka samo hanyar gane kwamfutar da ƙwayar Conficker ta kama daga nesa. A 2010 ya rubuta wata manhajar waya mai suna DanKam don masu matsalar bambance launi, saboda wani abokinsa. A 2012 yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin White Ops mai farautar manhajojin da ke shigar burtu a matsayin mutane don satar kuɗin talla. Ya rasu ranar 23 ga Afrilu, 2021, a San Faransisko, sakamakon ciwon sukari, yana da shekara 42. Yanzu na girme shi.

Da na kai nan, ɗalibin ya yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, ni wa zan kira?"

Tambayar ta fi labarin nawa nauyi. Kaminsky yana da lambar Vixie, yana da kamfani a bayansa, yana da sunan da in ya yi magana ake tsayawa a ji. Yaron nan ba shi da ko ɗaya. Najeriya ta yi dokar laifukan intanet a 2015, Nijar ta yi tata a 2019, kuma shiga bayanan wani ba da izini ba laifi ne a duka biyun. Mai wurin da aka je wa da irin wannan labari yana iya godiya, yana kuma iya kiran ƴan sanda, domin a idonsa wanda ya ce katangarka ta tsage shi ne ya fara leƙa gidan. In kuwa ya bi shawarar abokin ɗakinsa, masu wurin za su ji kunya na kwana biyu, amma kafin su gyara, duk wani zauna-gari-banza mai waya zai zauna yana sauya lamba yana karanta cututtukan matan unguwarsu. Akwai auren da sakamako guda zai iya kashewa.

Na sa ya yi mani alkawari uku: ba zai sake taɓa lambar ba, ba zai ajiye hoton komai ba, ba zai ƙara faɗa wa kowa ba. Washegari na rubuta wasiƙa da sunana da muƙamina, ban ambace shi ba, na bayyana matsalar cikin layi biyar da yadda ake toshe ta, na kai da hannuna. Wanda ya karɓe ni ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "Dakta, kai ta yaya aka yi ka sani?" Na ce wani mai hulɗa da su ne ya lura ya sanar da ni. Ya ce wanda ya gina masu shafin ba ya gari. Na koma bayan mako biyu, aka ce ana kan duba maganar. Na koma na uku, aka bar ni a kan benci har na tashi.

Ban sa masu wa'adi ba, domin ba ni da wani zaure da zan hau in yi bayani in ya cika, kuma ko da ina da shi, matan da sunayensu ke ciki ba su ba ni izinin yin caca da sirrinsu ba. Ɗalibin ya riƙa tsare ni da ido a aji, ni kuma in girgiza kai.

A mako na bakwai mahaifiyarsa ta koma wani gwajin. Ya zo ofis da wayar a hannu ya nuna mani sabon saƙon da aka turo mata. Adireshin ya sauya, ƙarshensa ya zama dogon jerin haruffa da lambobi a cakuɗe, kuma shafin yana neman wata lamba da ake turowa wayar mai sakamakon kafin ya buɗe. Ba wanda ya kira ni, ba wanda ya amsa wasiƙar. Ya tambaye ni ko zai iya sa wannan a takardar neman aikinsa. Na ce a'a, tukuna.